Jinin Modu

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa na ɓuya, na ji, ga ni na fito. Shekaru kenan ba ku ganin komai a shafin nan sai hoton turaren wuta da humra. Yau ba talla na zo yi ba.

Abin ya fara ne da jinin al'ada da ya ƙi ɗaukewa. Na raina shi, ina ta shan jiƙe-jiƙe. Sai jiri, sai haki, in na ɗaga kasko kamar na ɗauki buhun masara. Ranar da na yanke jiki na faɗi a tsakar gidanmu a Hammadu Kafi, Iya, mahaifiyata, ta ce gardama ta ƙare.

Aka yi hoto aka ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki. Likita ya gwale idona ya ce, "Hajiya, da wane jinin kike yawo? Ba zan taɓa ki ba sai an ƙara miki."

Kuɗin aiki dangi suka haɗa. Jini kuma ƙanena Modu ya bayar, don namu ya zo ɗaya. Ya shigo ɗakin da auduga a hannu yana shan lemon kwalba, yana tsokanata: "Yaya, daga yau in kin yi min faɗa da jinina kike yi, sai ki dinga sassautawa." Na ce ya fita kafin in jefe shi da filo. Ya ce dama tasha zai biya, an aiko masa da bandar kifi daga gida, Falmata matarsa za ta yi min farfesu.

Ledar jinin tana rataye tana ɗiga a hannuna muka ji dummm! Tagogi suka girgiza. Matar gadon kusa da ni ta ce taransifoma ce. Ni da Iya muka kalli juna. Daga Borno muka gudo, mun san wannan ƙarar, ita ta kore mu daga gida.

Wayoyi suka hau kuka. Nas-nas suka watse, sai jiniya. Wata nas ta shigo a guje ta ɗauki gadon tura majinyata, na riƙo rigarta. Ta ce, "Bam ne ya tashi a tasha."

Haka na ji labarin, a kwance. Na ce, "Iya, Modu!"

Iya ta fita da waya. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Ta gyara min zane ta ce, "Yana nan. Ƙafa ce, an kai shi wani asibitin." Daga baya na ji cewa likita ne ya ce jinina ya hau, kada a faɗa min komai sai an gama. Kun san mu, ba ma faɗa wa majinyaci rasuwa. Iya ta yi kwanaki tana ba ni kunu a baki tana min hira, in kuka ya ci ƙarfinta ta ce za ta yi alwala.

Aka yi aiki lafiya. Tsoro kam na ji, har wasiyya na bari. Ciwon ɗinki, robar fitsari, tashi a daddafe, duk na sha. Kullum kular abinci tana zuwa daga Falmata, amma ita ban ga ƙeyarta ba. Na yi fushi wallahi, na ce yarinyar nan ta yi min rashin kara. Wayar Modu kuwa, wai ta ɓace a hargitsin.

Da aka sallame ni na ce a kai ni in duba shi. Yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Ranar da Iya ta tafi kasuwa na lallaɓa na tare Keke, ina dafe da ciki, sai gidan Modu a Pantami.

Tun daga zaure jikina ya ba ni. Gidan ba ƙamshi. Falmata da ko shara za ta yi sai ta turara ɗaki, ni nake haɗa mata turaren da hannuna. Na ɗaga labule na same ta a kan tabarma, ba kwalli, ba ɗan kunne, kasko a kife a lungu. Takaba take.

Na zauna kusa da ita muka yi kukanmu.

Nan wata jinyar ta fara. Barci ya ƙaurace min. A rufe ƙofa da ƙarfi sai in zabura, zuciya na bugawa. Mutane suna ta cewa in yi haƙuri, ni kuma ina ramewa. Likitan da ya yi min aiki ne ya tura ni wajen masu duba damuwa. Na ce masa ni ba mahaukaciya ba ce. Ya ce, "Na sani. Ciki na ɗinke, wannan kuma ba aikin allura da zare ba ne." Na je, na sha magani, na yi magana har na gaji. Sannu a hankali na dawo.

Na daɗe ina jin haushin Iya a kan ɓoye min da ta yi. Yanzu na daina. Ɗa ɗaya ta rasa ranar, ta ƙi yarda ta rasa biyu.

Na gode wa Allah, na gode wa Iya da Falmata, da nas ɗin da ta faɗa min gaskiya tana gudu.

Mata, in jini ya wuce kwanakinsa ku je asibiti, ku bar jiƙo. In za ku ɓoye wa majinyaci rasuwa, ku ɓoye, amma da ya miƙe ku zaunar da shi ku faɗa masa, kada ya je ya gani da idonsa. Wanda firgici ya hana barci, a kai shi a duba shi.

Makon jiya aka gwada ni aka ce jinina ya kai in bayar. Na kwanta aka ɗiba. Nas ta ce, "Wa za a sa wa?" Na ce duk mai buƙata. Ta miƙo min lemon kwalba, na riƙe shi na kasa sha.

Allah ya jiƙanka Modu. Faɗan ma na sassauta, kamar yadda ka ce.