Ƙwaryar da Ban Rubuta a Takarda ba

Yau idan ɗalibai mata suna son kafa ƙungiyar kiɗa, sai su kira juna a waya, kafin la'asar sun taru. A zamaninmu, lokacin fari da mulkin soja, mutum goma ba sa zama a ƙarƙashin itace ɗaya ba a tambayi wanda ya ba su izini ba. Shi ya sa ranar da wani kaftin ya shigo makarantarmu ta horon malamai mata a Yamai ba ta taɓa fita daga raina ba.

Ni ce mai kula da ɗalibai a lokacin: kwanansu, abincinsu da fitarsu duk a hannuna suke. Ni ce kuma uwar Zumuntar Ƙwarya, ƙungiyar kiɗa da waƙa ta ɗalibai. Ba ni na kafa ta ba. Ɗaliban farko ne, ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda kewar gida ta dama, suka fara taruwa ranar Alhamis da la'asar. Ƙa'idodinsu uku ne, ba a taɓa rubuta su ba. Wadda za ta shiga sai ta kawo waƙar da ta koya a bakin uwarta ko kakarta. Ba a yi wa kowa dariyar murya ko harshe. Wadda ta gama makaranta kuma ta koya wa ɗalibanta abin da ta samu. Ranar karɓar sabuwa, a cika tasa da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a riƙa bugawa da ƴan sanduna. Sabuwar ta rera, sauran su amsa. Daga nan ta zama ƴar'uwa har abada.

Sai umarni ya fito cewa duk ƙungiyar da ba ta da takardar izini za a rushe ta. Madan direktiris, shugabar makarantar, ta kira ni ofishinta, ta ce, "Ki rubuta musu dokoki da Faransanci, ki kai kafin Juma'a. In ba haka ba, babu ruwana."

Na zauna na rubuta. A Dakar na yi karatu, na ga ƙungiyoyin mawaƙa a Abijan da Akara, na yi shekara biyu a Faransa. Na san yadda suke tsara nasu: shugaba, magatakarda, darasin karanta alamomin kiɗa. Shi na kwafo. Ƙwarya da ruwa kuwa na bar su a waje. Na ce a raina soja ba zai sa hannu a kan tasa ba. Gaskiyar magana, kunya na ji.

Aka ce za a turo mai dubawa kafin a ba da izini, amma ba a faɗi rana ba.

Mai dubawar, kaftin ɗin nan, ya zo ranar Alhamis, daidai ana karɓar wata ɗaliba mai suna Fati. Danginta sun baro ƙauyensu a arewacin Tawa bayan dabbobinsu sun ƙare, suna zaune a bukkoki a bayan gari. A watan nan fanfo ba ya kawo ruwa sai da asuba, kowace ɗaliba bokiti ɗaya gare ta na wanka da wanki. Kaftin ya tsaya a kan tasar, takardata a hannunsa.

"Madan, wannan a wace doka yake? Sau biyu na karanta, ban ga ƙwarya ba."

Na ce al'ada ce kawai.

"Mata suna layi da tuluna a unguwar Kalley, ku kuna kiɗa da ruwa. Ga shi takarda ta faɗi wani abu, ido ya ga wani. Kin san abin da zan rubuta."

Na sani: zai rubuta a rushe ƙungiyar.

Shugabar ɗaliban, Ramatu ƴar Maraɗi, ita ta miƙe. Tsawonta bai kai kafaɗarsa ba. "Ranka ya daɗe, ruwanmu ne. Kowa ta rage moɗa ɗaya daga bokitinta. Ni yau ko kallabina ban wanke ba, ga shi."

Wata daga baya ta ce, "Jiya ma ba ki wanke ba, kada ki ɗora wa ƙwarya."

Dariya ta kuɓuce wa kowa. Kaftin bai yi ba, amma na ga ya sauke takardar. Ya tambayi inda ruwan yake zuwa in an gama. Ramatu ta nuna masa ƴan dogon yaro da muka dasa a bayan ɗakin kwana, gindinsu da danshin makon jiya.

Ya juya wajen Fati. "Ke me kika kawo musu?"

Ta ce waƙar daka ce ta kakarta. "Ƙauyenmu ba kowa yanzu, ranka ya daɗe. Turmin ma can muka baro shi. In ban ba su ita ba, ban san wanda zan ba ba."

Ya ce a yi, ya ji. Ramatu ta ɗauki sanduna, ƙwarya ta fara amo kamar taɓarya a cikin turmi. Fati ta rera. Ɗalibai Zabarmawa suka karkata amshin, ba wadda ta yi musu dariya.

Da aka gama ya miƙo mini takardata. "Ƙungiyar da kika rubuta ban gan ta ba, ba zan sa mata hannu ba. Rubuto mini wadda na gani. Ranar Litinin."

A wannan karon tare da ɗaliban muka zauna, su suna faɗa da Hausa da Zabarmanci, ni ina juyawa. Doka ta farko ƙwarya ce da ruwa. Bayan ƙa'idodin nan uku, Fati ta roƙi a ƙara wata: kowace waƙa a rubuta ta a littafi, da sunan ƙauyen da na matar da ta koyar da ita. Bayan mako biyu izini ya fito da hatimi.

Ku da kuke sabbi a aikin kula da ɗalibai, abin da na koya shi ne kada ka gyara mutanenka a takarda don su yi kama da na wani wuri. Ka rubuta su yadda suke. Littafin nan ya cika, an buɗe wasu. Dogon yaron sun fi rufin makaranta tsawo. Tun daga ranar, ba waƙar da ta shigo Zumunta ta sake ɓacewa, ko da ƙauyen da ta fito ya watse.