Duwatsun Baffa Sale a Kan Katanga

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidanmu bayan sallar asuba ya san Baffa Sale, yayan mahaifina. Yana tsaye a bakin zaure, ido ɗaya a rufe, dutse a hannu, yana jiran rana. Da ta leƙo sai ya ɗora dutsen a kan katanga daidai saitin inda ta fito. Ko gaishe shi ka yi, ba zai amsa ba sai ya gama. Da damina duwatsun suna taruwa ta arewa, saitin ɗorawar gonar Liman. Da sanyi kuwa sun koma kudu, saitin kuka. Maganarsa kullum ita ce, "Rana ba ta ƙarya, amma fa tana yawo."

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, har yakan ce ba ya so ya mutu bai sani ba: me ya sa yini ke tsawo da damina, ya gajarce da sanyi? Zan bi yadda ya nemi amsar daki-daki, don ni ba na son labari a hargitse.

Da farko Liman ya tare a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, da damina sai mu tashi daga gona, mu yi wanka, mu huta, ba a kira magariba ba. Da sanyi kuwa kafin ka ɗaure jaki duhu ya yi. Ina dalili?"

Liman ya ce, "Ikon Allah ne, Malam Sale."

"Na sani! Tuwo ma ikon Allah ne, amma ai uwargida ta san yadda ake tuƙa shi."

Tun daga ranar, in Liman ya hango shi sai ya ƙara sauri.

Na biyu, maƙwabcinmu na gabas, Alhaji Ado, wanda ke kasuwanci a Bacirawa, ya tashi zagaye gidansa da doguwar katangar bulo. Baffa ya ɗauki tabarma ya je ya zauna a inda magina ke aiki.

"Haba Baffa, filina ne fa!"

"Filinka ne, ban musa ba. Ranar ma taka ce?"

Sai da mai unguwa ya zo. Aka daidaita a kan katangar ta tsaya iya ƙugu. Har yau awakinmu na tsallaka ta su ci rogon Alhaji.

Na uku, ganin ba mai ba shi amsa, sai ya ƙirƙiro tasa: wai tausayin manomi rana take ji, shi ya sa take jan ƙafa da damina.

Na ce, "Baffa, rana ba ta da ƙafa."

"Kai da kake da su, me ka yi da su? Wuce gona!"

Amma na san bai gamsu ba, don bai daina tambaya ba.

Na ƙarshe ya faru a shekarar da ƙafafunsa suka gaza. Yana kwance a zaure, ni nake ɗora masa dutsen, yana yi mini faɗan na karkace. Ran nan da hantsi jikarsa Hadiza, wadda ta yi karatun koyarwa a Bici, ta zo duba shi.

"Amaryata, in kin faɗa mini dalili, na yafe miki tuwon dare."

"Tsoho, ai kai ne ba ka taɓa tambayata ba."

Ta sa aka rufe zaure, ta ba ni tocila na riƙe. Ta ciro lemo cikin wanda ta kawo masa, ta soke shi da tsinke, ta ɗiga gawayi a sama da tsakiyarsa.

"Tocilar nan rana ce, lemon duniya, ɗigon nan mu ne. Duniya ba a miƙe take ba, a karkace take, kuma haka take zagaya rana duk shekara, ba ta gyara zama. In ta zo nan gefen, ɓangarenmu ne ya sunkuya wa rana." Ta murza tsinken a hankali. "Ka ga ɗigon ya daɗe cikin haske? Damina ke nan." Ta zagaya bayana, na juya tocilar. "Nan kuma mun kau da kai, duhu ya fi yawa."

"Duwatsuna fa?"

"Karkatar ce dai take sa ka ga rana ta fito ta arewa da damina, ta kudu da sanyi."

Baffa ya ce, "A karkace! Shi ya sa ba abin da ke tafiya daidai a cikinta. To mutanen ƙasan lemon fa, lokacin da namu ya yi tsawo?"

"Nasu ya gajarce."

"Ashe gayya ce. Yau gonarka, gobe gonata." Ya sa ta maimaita, ya karɓi tsinken ya murza da kansa. Sannan ya ce a ɓare lemon, an riga an huda shi, kada ya lalace.

Washegari na ɗauki dutse, ya ce, "Ajiye. Na ji dalili."

Cikin daminar nan ya rasu, duwatsu na saitin ɗorawa. Muka kai shi bayan la'asar, muka dawo, muka zauna, rana ba ta faɗi ba. Duwatsun suna nan, na hana a taɓa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya sauke shi inda yini ba ya gajarcewa. Amin.