Ranar da Aka Ce An Samu Mai a Filina

Shekarun baya, lokacin da na ƙudiri aniyar fara sana'ar ƙanƙara a Gure, na sayi wani tsohon gareji a bakin hanyar Damagaram. Rijiyar da ke cikinsa ce ta ja ni, don sana'ar ƙanƙara gaba ɗayanta ruwa ce. Shanun da na gada daga mahaifina duk na sayar na zuba a filin nan, ban rage ko maraƙi ba.

Ina ta rawar kai, har na zaɓi launin fenti, sai ƙawata da ke aiki a ma'aikatar ruwa ta zo ganin wurin. Ta tsuguna, ta damƙi ƙasa ta sansana, ta ce, "Ke, shekara da shekaru ana juye baƙin mai a nan. Kar ki ba kowa ruwan nan sai an auna." Har haushinta na ji, kamar ita ta zubar da man.

Ta haɗa ni da wani injiniya daga Damagaram. Ya zo da dogon ƙarfe mai murɗawa, ya riƙa huda ƙasa nan da can yana zuba abin da ya fito cikin kwalabe, ya ɗebi ruwan rijiyar ma. Kawuna, wanda ba a ɗaura ko akuya a danginmu sai da saninsa, yana tsaye a kansa da carbi a hannu. Da aka kai bayan rumfa, ƙasar ta fito baƙa wuluk tana wari. Injiniya ya girgiza kai ya ce, "Madam, akwai mai a ƙasar nan."

Ni na gane baƙin man gareji yake nufi. Kawu kuwa "akwai mai" kaɗai ya ji. To ku tuna mu mutanen Gure ne, kullum muna jin labarin man da ake haƙa gabas da mu, manyan motocinsa ta gabanmu suke wucewa. Kafin la'asar labari ya game kasuwa.

Sai ga mutane suna ta sallama, ana yi mini barka da arziki. Wata gwaggona da ta daɗe ba ta tako gidanmu ba ta iso da ƙwaryar fura. Wani daga garin Bune ya aiko a tambaya ko an fara ɗaukar masu gadi. Ni ina ɗaki ina share hawaye, tsakar gida ana shewa.

Na ja Kawu gefe na ce, "Kawu, don Allah, man mota ne fa da makanikai suka zubar."

Ya ce, "Ɗiyata, ke yarinya ce. Masu karatun nan ba su faɗin gaskiya tun da fari, kar a yi musu rububi. Ni da kunnena na jiya."

Haka na yi ta jiran sakamako, abinci ma ba ya yi mini daɗi. In man ya kai ga ruwa, shanun mahaifina sun tafi ke nan a banza.

Rannan da hantsi injiniya ya kira. Ya ce man ya tsaya a sama, yumɓun da ke ƙarƙashi ya tare shi, ruwan rijiya tas yake. Sai dai a kwashe baƙar ƙasar, a zagaye bakin rijiya da siminti, a riƙa sake awo lokaci lokaci.

Ban san sa'ad da na fita waje ba takalmi ba, ina rangaɗa guɗa ina cewa, "Babu mai! Babu mai!" Maƙwabta suka fito suna kallona da tausayi. Na ji wata na cewa, "Allah sarki, baƙin ciki ya taɓa ta."

Kawu yana zaune kan tabarma, ya ce, "Yanzu ko ɗigo babu cikin ruwan?"

Na ce, "Ko ɗigo, Kawu."

"To, ɗebo mini in sha."

Ya shanye moɗa guda, ya goge gemu, ya ce, "Alhamdulillahi. Wannan dai ya fi man esans daɗi."

Har yau a kasuwa akwai masu kirana Mai Fetur, ni kuma ina amsawa da fara'a. Amma duk sa'ad da na ga uwa ta sayi ƙanƙarata ta saka wa ɗanta a baki ba tare da wani tunani ba, sai in ji daɗi har cikin raina, don na san abin da ke cikin ruwan nan, na kuma san abin da babu.