Gwiwar Bututun da Yatsa Ya Huda

A shagon kayan famfo, wata mai wankin asibiti tana jiran a miƙo mata kan famfo, sai idonta ya faɗa kan wani dattijo. Gajere ne, rigarsa duk baƙin mai, bayan hannunsa kuwa tabon ƙuna ne fari fat, irin na tafasasshen ruwa. Ko a bakin aiki ya samo shi, Allah masani.

Yana riƙe da gwiwar bututun ƙarfe, fentinta sai sheƙi yake. Ya danna babban yatsa a kwanar, yatsan ya lume kamar a ɓawon ƙwai.

"Innalillahi! Baba, ƙarfe ne fa!" in ji ta.

"Da can ƙarfe ne, 'yata. Babban inji suka sa a wurin aikinmu don ruwa ya yi gudu. A miƙe wucewa yake, a kwana kuwa duka yake. Ya kankare tsatsar da ta rufe ƙarfen, sabuwa ta fito, ya sake kankarewa."

Ya shafa tabon hannunsa.

A ɗakin wankin asibitinsu, bututun ruwan zafi ya yi kwana daidai saman kanta, kuma ita ce ta roƙa a ƙara wa ruwan ƙarfi.