Mero Mai Banda da Mutumin Bakin Gulbi

Malami tela da bakinsa yake ba da labarin ranar da ya yi kuka a tsakiyar kasuwar Illo. Wai yana zaune a rumfar Mero mai bandar kifi, suna kallon fim a waya, sai ga hawaye har gemu. Ya ce hayaƙi ne. Mero ta waiga ta dubi murhu: tun hantsi ta kashe wutar.

Ita Mero haifaffiyar Geza ce, aure ya kawo ta Illo. Mijinta masunci ne, shekara tara ke nan da rasuwarsa, kuma da bandar nan ta aurar da 'ya'ya uku. Tana ciniki da Hausa, tana faɗa da Dandanci. In la'asar ta yi, kasuwa ta lafa, sai ta jingine waya da gwangwanin gishiri ta buɗe kotu: duk fim ɗin da ya shigo hannunta sai an yi masa shari'a. Malami ke kawo mata su. Shekara uku yana zuwa wurin masu tura fim yana zaɓo na soyayya zalla, ya kawo, ya zauna, ya cika rumfar da barkwanci. Maganar da ta kawo shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa faɗa ba, shi da ake cewa bakinsa ya fi keken ɗinkinsa gudu.

To, ga shi 'yarta Ni'ima, da ke aure a tsallaken iyaka cikin Benin, ta matsa wa uwar ta koma wurinta ta huta. An sa Juma'a ranar tafiya. Wannan kallon na Talata ne.

Fim ɗin kuwa da tsiya ya ƙare. Masoyiyar ta shiga kwalekwale, masoyin ya tsaya a gaɓa yana kallo har ruwa ya ɓoye ta, sai rubutu ya hau.

"Wanga shi na ƙarshe?" in ji Mero. "Awa biyu yana waƙa, ya sauya riga bakwai, lokacin magana ya yi sai ya zan turke! Kurma ne? Ba ya da ƙahwa?"

"Haba Mero, zurfin ciki ne," in ji Malami yana share gemu da hula. "Mu manya mun gane shi."

"Ita ta waiwayo sau biyu. Na ƙirga. Mace mai son tahiya ba ta waiwaye."

Malami ya dubi hular da ke hannunsa. Ya juya hular, ya sake juya ta. Can ya gyara murya, ya ce cikin wasan da ya saba fakewa da shi:

"To Alƙaliya, da ke kika tsara fim ɗin, mi za shi yi? Ya hwaɗa ruwa? In bai iya iyo ba fa?"

Mero ta ɗauki wayarta ta goge da bakin zane, ta soma jera kifi a kwando ba ta dube shi ba.

"Wa ya ce ka yi iyo? Kwalekwalen bai tashi ba sai Juma'a. Yayana Bunyaminu yana Geza, goro ga shi can rumfa ta uku, babur ɗinka lahiya lau. Ko hayaƙin ya rufe maka hanyar Geza ita ma?"