Rabin Laccar Baba Katantanwa

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Katantanwa, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Aikinsa kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji: ya wanke kwalabe, ya auna sinadarai, ya kulle ƙofa. Mutum ne mai tsabta da riƙon amana, aibinsa ɗaya, yana son tafi.

Kowace shekara akwai ranar da yake haskawa. Sai ya zuba wani jan ruwa a faffaɗan faranti na gilashi, a zuba ido. Can sai shuɗin ɗigo ya ɓullo, ya buɗe ya zama zobe, wani zoben ya biyo shi. Malamin darasin ya bayyana cewa duk inda zobe ya ratsa sai wurin ya huta kafin ya karɓi wani, kamar yadda wuta ba ta komawa inda ta cinye sai ciyawa ta sake tsirowa. Daga nan Baba ya ɗauki siririyar waya ya katse zobe guda. Bakin da ya katse sai ya lanƙwashe, ya shiga bin wutsiyarsa, ya zama juyin katantanwa, ya rinjayi zobban nan masu tsari. Aji ya ɗauki tafi. Baba ya rusuna, ya girgiza farantin komai ya goge, ya kwashi kayansa zuwa wurin wanki.

A nan kuskurensa yake. Yana jawo ƙofa yakan ji malamin ya ce, "To, haka yake faruwa a zuciyar ɗan Adam." Bai taɓa tsayawa jin sauran ba, domin a ganinsa an gama da shi tun da tafi ya ƙare. Jahili yakan tambaya, amma mai rabin sani ya riga ya ba kansa amsa.

Da matarsa ta fara kuka da ƙirjinta, amsar tana aljihunsa.

"Malam, abin nan ya dawo. Kamar an kulle tsuntsu a ciki."

"Maman 'yan biyu, ke da raki! Wannan ai sana'ata ce. Faranti ma yana yi, ya lafa. Kwanta ki huta."

"To ni faranti ce?"

"Da faranti ce ke, ai da na huta da surutu."

Ta yi dariya, ta kwanta, abin kuwa ya lafa. Lafawar nan ita ta cuce su, gama duk lokacin da ya lafa sai ya ƙara yarda da kansa. 'Yarsu ta ce a je asibiti, ya ce ba za a koya masa aikinsa a gidansa ba.

Wata safiya tana shanya sai zane ya suɓuce daga hannunta na hagu, bakinta ya karkace, magana ta sarƙe.

A asibiti likita ta zaunar da shi, ta zana masa abin a takarda. "Baba, bugun zuciya daga wuri ɗaya yake tashi, ya bazu. Idan ya katse a hanya yakan koma yana juyi, sai saman zuciya ya riƙa karkarwa maimakon bugu. Jini ya kwanta, ya yi guda, gudan ya haura ƙwaƙwalwa. Da an zo da wuri akwai maganin da ke rage wannan haɗari. Ta taɓa faɗa muku tana jin wani abu?"

Ya dubi zanen. Katantanwarsa ce, wadda ya sha rusunawa dominta. 'Yarsa na tsaye a bayansa tana jin komai.

"Ta faɗa," in ji shi.

Matar ta rayu, maganarta ta dawo, hannun bai dawo ba. Shi yake ɗaura mata ɗankwali yanzu, kullum a karkace. Ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai ran nan da ya miƙo mata magani ta ce, "Malam, ba za ka girgiza ni ba?" Ta yi dariyarta da rabin baki. Shi ya kasa.

Da ranar farantin ta zagayo, ya katse zoben kamar kullum, aji ya tafa. Bai rusuna ba. Ya ajiye wayar, ya jawo kujera a layin baya ya zauna.

"Baba, lafiya?" malamin ya tambaya. "Wanki fa?"

"Wanki ya jira, ranka ya daɗe. Ci gaba daga wajen zuciya."