Ranar da Aka Shuke Filin Ƙwallo

Shekara uku ko huɗu bayan samun mulkin kai, ina ƙaramin mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon Dogon Dutsi, wani mutum ya sauko daga motar Yamai da akwatin ƙarfe, da usur a wuya, da gwiwar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa sosai. Asalinsa ɗan Kiyeshe ne, amma tun yana da shekara goma sha biyu kawunsa ya tafi da shi Abijan, kuma bai sake ganin damina a ƙasar Arewa ba. A can ya koyi ƙwallo har ta zama sana'arsa. Ya buga wa wata ƙungiya ta ma'aikatan tashar jiragen ruwa, daga nan aka kai shi wani ƙaramin gari a Faransa, inda ya yi shekara biyu ana biyansa albashi don ya bi ƙwallo da gudu. Wannan batun albashi shi ne abin da tsofaffinmu suka kasa haɗiyewa. Gwiwa ta kawo ƙarshen gudun, ya dawo gida ya koya mana.

Antarenar muke ce masa, wato mai horar da 'yan wasa da Faransanci, domin sunan da ya ce a kira shi da shi ke nan. Yana da hoto guda na 'yan ƙwallo, shi ne na uku daga dama a layin baya, kansa bai fi ƙwayar wake ba, kuma babu gidan ma'aikaci a garin da hoton bai ziyarta ba. Amma ya iya ƙwallo. Da ƙafa ɗaya mai lafiya yakan ajiye ta inda ya ce zai ajiye ta. Mu huɗu ne ma'aikata a ƙungiyarsa: ni, da malamin asibiti, da akawun gidan waya, da wani kafinta Kirista na mishan wanda ya sassaƙa mana sandunan gola. Sauran bakwai manoma ne, kuma su ne suka iya gudu.

Farfajiyar lakwal ta yi masa kaɗan. Ya zaga gari har ya sami wani shimfiɗaɗɗen wuri a gindin dutse, gonar wani dattijo ce da aka gama girbe ta. Ni na raka shi roƙo.

"Ɗana, na ara maka hili," in ji dattijon, "har ruwa shi sauka."

Antarenar ya yi dariya, ya ce a Faransa cikin ruwa suke bugawa, wani lokaci ma cikin ƙanƙara. Dattijo ya ce Allah ya kyauta musu.

Wata shida muka yi muna bauta wa filin nan. Mun tumɓuke kututturen kara ɗaya bayan ɗaya, mun tsince duwatsu, mun kwashe ƙarangiya da hannu. Ya auna tsawo da faɗi da igiya sau uku, don bai yarda da awon farko ba. Farar ƙasa babu, sai ya sa muka bi gida gida muna roƙon toka, kowace Lahadi a sabunta layi da kauri. Matan unguwa suka riƙa tambayar ko sabulu gwamnati za ta dafa. Dattijon yakan zo da la'asar ya zauna bakin gonarsa yana kallonmu da fuskar jin daɗi. Antarenar ya ce ga shi nan, har tsofaffi sun fara son ƙwallo.

Abin da yake nema ba a ɓoye yake ba. Ma'aikatar matasa tana son mai horar da 'yan wasa a Yamai, ya rubuta takarda, ni na gyara masa Faransancin. Amsa ta zo cewa wani jami'i zai zo ya ga ƙungiyarsa tana wasa, Antarenar ya zaɓi rana da kansa. Antarenar ya gayyaci 'yan ƙwallon Tibiri, ya zaɓi wata Lahadi a farkon watan shida, domin yana son ƙarin makonni na horo.

Na ce masa, "Antarenar, lokacin ruwan fari ne fa."

"Mushe, kai ma tsoron jiƙewa kake? Gishiri ne ku?"

Da na yi masa bayani dalla-dalla, wataƙila da ya ji. Amma duk ranar horo yakan kira ni Ƙafar Alli a gaban ɗalibaina, saboda haka na bar shi da Faransarsa.

Ruwa ya sauka da asubahin Lahadin, mai yawa, ya ɗauke kafin hantsi. Muka nufi fili da kwandon toka don mu sabunta layi. Daga nesa muka hango mutane sun jeru. Dattijo ne a gaba da sungumi, fatanyar shuka mai doguwar ƙota, yana taku yana sara, 'ya'yansa maza biyu a gefensa, mata na biye da ƙorai suna jefa irin hatsi suna rufewa da diddige. Sun riga sun gama da gaban gola ta gabas, suna dosar tsakiya. Layinsu ya fi namu miƙewa.

Antarenar ya busa usur. Babu wanda ya ɗaga kai.

"Baba! Mene ne haka? Yau ne wasa!"

"Sannu da ruwa, ɗana. Kun ga ruwa?"

"Baba, baƙo na zuwa daga Yamai!"

"Allah shi kawo shi lahiya. Matsa kaɗan, kana kan rami."

"Kwana ɗaya kawai nake roƙo. Gobe ka shuka."

Dattijo ya sunkuya, ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya ɗebo damshi ya nuna masa. "Wanga ba ya jiran gobe. Har ruwa shi sauka munka ce, ko ba haka ba, Mushe?"

Na ce haka ne.

"Kuma na gode da duwatsun da kunka tsince. Shekara talatin ina hama da su."

Muna tsaye sai ga mai tsaron golarmu, ƙato ɗan unguwar yamma, da sungumi a kafaɗa. Ya zo ne don ladabi, ya faɗa da bakinsa cewa tsohonsa na jiransa a gona, haka ma sauran shidan.

"Ka san abin da kake zubarwa?" in ji Antarenar. "Da hannun nan naka za ka iya kaiwa Dakar!"

"To, Antarenar, in an gama shuka sai mu tai."

Da azahar motar Tibiri ta iso, su goma sha ɗaya cif, don can ba a yi ruwa ba. Suka yi ta yi mana dariya har ɗayansu ya lura hadari ya haɗu ta kudu, wajen gidajensu. Dariya ta tsaya. Shugabansu ya ce wa direba kada ya kashe mota.

Jami'in ya zo da la'asar tare da kumandan mai mulkin yankin, wanda bai daɗe da karɓar kujera daga hannun Bature ba. An jera musu kujeru a bakin gona. Antarenar ya sa rigarsa ta Faransa da takalma masu ƙusoshi, mu huɗu a bayansa da gajerun wanduna, a gabanmu gona shukakkiya daga gola zuwa gola. Ya roƙi kumandan da Faransanci ya ba da umarni a buga a kai. Kumandan ya amsa da Hausa, yadda kowa zai ji, cewa ko Bature da bulalarsa bai taɓa sa a taka shuka ba, ba shi zai fara ba.

Jami'in mutum ne mai sanyin murya. Ya dubi hoton, don an nuna masa, ya yaba. Sannan ya tambaya, "Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan nan ne, ranka ya daɗe. Kiyeshe."

"Kiyeshe," in ji jami'in. Ya rubuta wani abu gajere a littafinsa, ya tambayi kumandan ko hanyar Doso za ta biyu bayan ruwan.

An ba wani mutum daban aikin Yamai. Antarenar ya yi mako uku ba ya gaishe ni.

Cikin watan takwas na hau dutse da ɗalibaina, na leƙa ƙasa. Duk inda muka zuba toka wata shida, hatsin ya fi sauran tsawo da duhun kore. Filin na nan sarai: layin gefe, da'irar tsakiya, gidan gola biyu, awo bai kauce ba ko kaɗan. Na je na kira shi ya gani. Da ƙyar ya hau saboda gwiwar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da'irar ta ɗan karkace ta arewa, kuma ni na ja igiyar a wannan gefen.

Ya yi shekara ashirin yana horar da samarin Dogon Dutsi bayan haka, da rani kawai. Dattijon kuwa, kowace kaka shi ke fara aiko masa cewa fili na nan, akwai ma wata gonar tasa mai duwatsu a bayan dutse in ana son na biyu.